Kare kekunan ɗinki da kayan lantarki daga tsawa a Malumfashi

Kare kayan lantarki daga tsawa shi ne ɗaukar matakan da za su hana wutar aradu bin wayoyi ta shiga keken ɗinki, talabijin, firiji, inbata da sauran na'urorin gida da na shago ta lalata su. A Malumfashi da maƙwabtanta na kudancin jihar Katsina, irin su Funtuwa, Bakori, Ƙafur da Ƙanƙara, matsalar tana dawowa kowace shekara tsakanin watan Mayu da Oktoba. Galibin na'urorin da ke ƙonewa a wannan lokaci ba aradu ce ke faɗa musu kai tsaye ba. Tana faɗawa wani wuri ne, kan falwaya ko bishiya ko fili, wani lokaci da tazara mai yawa, sai wani kaso na ƙarfinta ya biyo wayar wuta ko ta dish har cikin ɗaki. Shi ya sa kariyar da ta fi tabbas ita ce raba na'ura da duk wata waya da ta fito daga waje tun kafin hadari ya iso. Sauran hanyoyin, kamar wayar ƙasa da na'urar tare wuta, rage ɓarna suke yi, kuma amfaninsu ya fi fitowa ga kayan da ba a iya cirewa kullum.

Yanayin yankin

Malumfashi hedikwatar ƙaramar hukuma ce mai faɗin murabba'in kilomita 674, wadda ƙidayar 2006 ta ba yawan mutane 182,920. Garin yana kan hanyar Funtuwa zuwa Yashe, a yankin da aka sani da noman auduga, masara da dawa. Ruwan da ake samu a shekara yana kaiwa kusan milimita 1,000, fiye da na arewacin jihar. Hadari ya fi tasowa daga gabas, da yamma ko cikin dare, iska mai ƙura tana gaba ruwa yana biye. Farkon damina da ƙarshenta su ne lokutan iska da tsawa mafi tsanani. Ruwan marka na watan Agusta ya fi daɗewa yana zuba amma bai cika zuwa da irin wannan fushi ba.

Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, gonaki sun fi dogayen gine-gine yawa. Abubuwan da suka fi tsawo a fili su ne kuka da ɗorawa, turakun sadarwa, da falwayoyin wuta. Kamfanin KEDCO, wanda ya karɓi rarraba wuta a jihohin Kano, Katsina da Jigawa a watan Nuwamba na 2013, shi ke ba yankin wuta, ko da yake har yau jama'a NEPA suke cewa. Wutar tana tafiya ne ta wayoyin sama masu bolt 33,000 da 11,000, suna ratsa gonaki kilomita da yawa, kafin taransifomar unguwa ta sauke ta zuwa kimanin bolt 230 da gidaje ke amfani da shi. Doguwar waya a sarari kamar tarko ce ga wutar tsawa.

Yadda wutar ke shiga gida

Walƙiya wutar lantarki ce da ke tsallakawa tsakanin gajimare da gajimare, ko tsakanin gajimare da ƙasa. Wadda ta sauko ƙasa ita ce aradu. Matsakaiciyar aradu tana ɗauke da kimanin amfiya 30,000, alhali fis ɗin da ke cikin fulogi mai ƙafa uku bai wuce amfiya 13 ba. Iskar da ta bi ta ciki tana yin zafin da ya kusa digiri 30,000 a ma'aunin Salshiyos, ta buɗe nan take, wannan buɗewar ita ce ƙarar da ake ji.

Faɗowa kan gida kai tsaye ita ce mafi muni, kuma ita ce mafi ƙaranci. Abin da ya fi yawa iri biyu ne. Ko dai aradu ta faɗa kan layin wuta, ƙarfinta ya rarrabu ya bi wayoyi zuwa duk gidajen da ke kan layin, ko kuma ta faɗa kusa da layin ba tare da ta taɓa shi ba. A yanayi na biyu, maganaɗisun da ke tasowa tare da aradu shi ke haifar da wuta a cikin duk wata waya da ke kusa, kamar yadda kwayil ɗaya na taransifoma ke haifar da wuta a ɗayan ba tare da sun haɗu ba. Sakamakon ɗaya ne: tunkuɗar wuta da kan kai bolt dubbai a soket, ta zo ta wuce cikin 'yan kaso na miliyan na daƙiƙa. Ƙananan sassan da ke kan allon na'ura, wanda masu gyara ke kira fanel, da bolt 5 ko ƙasa da haka suke aiki.

Akwai wata ɓarnar da ake ɗora wa tsawa alhali ta iska ce. Idan iska ta kayar da falwaya, ko ta jefa reshe kan waya, babban layi yana iya taɓa ƙaramin. Haka kuma wayar nutural tana iya tsinkewa tsakanin taransifoma da gidaje. Idan ta tsinke, rabon wuta tsakanin layuka uku na unguwa yakan rikice, wasu gidaje su samu wutar da ba ta kai ba, wasu kuma ta doshi bolt 400. Wannan ba ta wucewa nan take kamar ta aradu. Tana nan har sai an yanke layin, kuma ita ce ke ƙona kwan fitila, fanka da firiji a gidaje da dama lokaci guda. Bambanta su yana da amfani, domin na'urar da ke maganin ɗaya ba ta maganin ɗayar.

Sau da yawa ana ɗauke wuta da zarar hadari ya taso, sai mutane su saki jiki. Wayar da ba wuta a cikinta tana nan a miƙe daga falwaya zuwa soket, kuma tunkuɗar aradu ba ta buƙatar a kawo wuta kafin ta bi ta.

Kekunan ɗinki

Ba duk keke ne ke cikin haɗari iri ɗaya ba. Keken ƙafa, irin Butterfly da tsofaffin Singer da suka cika shaguna da ɗakunan mata, ba ruwansa da lantarki, don haka ba abin da zai ƙone a jikinsa. Abokin gabarsa a damina shi ne danshi da yoyon kwano, waɗanda ke kawo tsatsa a mazaunin koshiya da sandar allura. Rufe shi da leda ko zane mai kauri da ɗiga masa mai ya wadatar. Amma da zarar an ɗaura masa ƙaramin moto da feda, ya shiga sahun kayan lantarki. Jikinsa ƙarfe ne, fuloginsa sau da yawa mai ƙafa biyu ne ba wayar ƙasa, ga tela da hannu a kan keke da ƙafa a kan siminti mai sanyi.

Manyan kekunan shago, irin su Juki, Brother, Jack da Emel, sun kasu biyu. Tsofaffin suna da moton kuloci, wanda kwayil ne da kafasita da makunni kawai. Yana da juriya, kuma idan ya ƙone masu naɗin kwayil suna iya farfaɗo da shi. Sababbin suna da moton sarbo, wasu a maƙale a kan keken, wanda fanel ke sarrafa gudunsa da tsayuwar allura da yankan zare. Teloli sun karɓe shi saboda ba ya cin wuta, ƙaramin janareta ko inbata yana ɗaukarsa, kuma ba ya ƙara. Wannan fanel ɗin dai shi ne wurin rauninsa. Keken da fanel ɗinsa ya ƙone yana iya zama lafiya lau a ido, ba ƙauri ba hayaƙi, amma ko dai ya ƙi tashi ko ya riƙa nuna lambar matsala.

Mafi tsada kuma mafi rauni shi ne injin aikin kwamfuta, wanda ake yi wa kaftani da babbar riga ado da shi. Yana da fanel fiye da ɗaya, da allon taɓawa, da ma'ajiyar zane-zane, wani lokaci kuma an haɗa shi da kwamfuta ta waya. Idan injin yana kan soket ɗaya kwamfutar tana kan wani, wayar da ta haɗa su takan zama gadar da wuta ke bi, ta ƙona bakin shiga na kowannensu. Kayan gyaran irin wannan inji galibi sai an nemo su daga Kano ko Legas, kuma kwanakin jira asara ce ta daban. Ajiye kwafin zane-zane a filashi da ba a bari a jikin injin yana rage raɗaɗin abin.

Kalandar Musulunci tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, kuma a shekarun nan ta kawo Babbar Sallah cikin farkon damina: 28 ga Yuni a 2023, 16 ga Yuni a 2024, da 6 ga Yuni a 2025. Makonnin da teloli ke kwana a shago suna cika alkawari su ne makonnin da tsawa ta fi yawa. Telan da ke da ɗinki ashirin a rataye bai cika son tsayawa don an ga walƙiya ba, musamman idan wutar da aka jira tun safe sai lokacin ta zo. Lissafin dai a fili yake: awa ɗaya ta tsayawa ba ta kai mako guda na jiran fanel ba. Shagunan da suka bar keken ƙafa ɗaya a gefe suna iya ci gaba da aiki da fitilar caji har hadari ya wuce.

Kashewa ba cirewa ba ce

Makunnin soket na bango, a mafi yawan gidaje, waya ɗaya yake yankewa, wato mai ɗauke da wuta. Nutural da wayar ƙasa suna nan a haɗe da na'urar, kuma tunkuɗar aradu tana bin kowacce daga cikinsu. Tazarar da ke cikin makunnin ma 'yan milimita ce. Kashe talabijin ko dikoda da rimot kuwa bai yanke komai ba, domin sashen karɓar wuta yana nan a kunne yana jiran umarni. Haka zare fis ɗin katawut, wanda wasu ke yi idan hadari ya taso: nutural ba ta bi ta cikinsa, ga haɗarin taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu. Abin da ke aiki shi ne zare fulogi gaba ɗaya a ajiye shi nesa da soket.

A shago mai kekuna da yawa, hanya mafi sauƙi ita ce a tsara wayoyi yadda cirewar ba za ta zama aiki ba: kekuna masu fanel su taru a kan soket ɗaya ko biyu masu kyau da hannu ke kaiwa, ba a bayan tebur ko ƙarƙashin tarin yadi ba, kuma a san wanda aikinsa ne cirewa idan za a rufe shago. Hadarin dare yakan sami kayan da aka bari a jone tun magariba.

Sitabilaiza ita ce na'urar da aka fi dogara da ita bisa kuskure. Aikinta daidaita wutar da ta yi ƙasa ko ta ɗan yi sama, kuma tana ɗaukar wani ɓangare na daƙiƙa kafin ta motsa. Kafin nan tunkuɗar aradu ta riga ta shige ta. Fis da bireka ma haka: an yi su ne don hana waya yin zafi ta tayar da gobara, ba don abin da ke wucewa cikin ƙiftawar ido ba.

Masu janareta suna da wata dama. Canjoba mai yanke wayoyi biyu, mai wuta da nutural, tana raba gida da layin waje da tazara mai faɗi, kuma janaretan da ke kusa da gajeriyar waya bai cika kwaso tunkuɗa ba. Wannan bai shafi janaretan haɗaka na kasuwa ba, wanda ake jan wayoyinsa ta saman rumfuna zuwa shaguna da yawa. Shi da layin falwaya duk ɗaya ne. Shigar da janareta cikin shago ko zaure don gudun ruwa kuwa ya fi tsawar kisa, saboda hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba marar wari.

Wayar ƙasa da na'urorin kariya

Wayar ƙasa, wadda masu aikin wayarin ke kira atin, ita ce ke ba wutar da ta ɓace hanya ta shige ƙasa maimakon ta bi jikin na'ura ko na mutum. Ana kafa sandar ƙarfe mai rufin tagulla, tsawon mita 1.2 zuwa 2.4, a haɗa ta da akwatin rarraba wuta, daga nan ta je ƙafa ta uku ta kowane soket. Gidaje da shaguna da yawa soket ɗinsu mai rami uku ne amma ramin na uku ba waya a bayansa. Inda ƙasa ke da marmara ko dutse a kusa, sanda ɗaya ba lallai ta isa ba, kuma ƙasar da ta bushe da rani ba ta karɓar wuta kamar mai danshi, ga shi hadarin farko yana zuwa ne kafin ƙasa ta jiƙa sosai. Al'adar zuba gawayi da gishiri a ramin tana taimakawa da farko, sai dai gishirin yana cin ƙarfen, ruwa kuma yana wanke shi. Ƙa'idar duniya ta kariya daga aradu, IEC 62305, wadda aka fara fitarwa a 2006, ta ba da shawarar kada turjiyar ƙasa ta wuce om 10, kuma wannan sai da na'urar awo ake sani. A Najeriya hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke duba wayarin da ba masu aikin shaidar ƙwarewa.

Na'urar tare tunkuɗar wuta tana ɗauke da wani sashe da ke toshe a lokacin da wuta take daidai, ya buɗe nan take idan ta haura, ya karkatar da rarar. Akwai wadda ake sawa a akwatin rarraba wuta, akwai ƙarama da ke zuwa cikin soket na jan waya. Haɗa biyun ya fi. Ba ta cika aikinta sai da wayar ƙasa mai kyau, kuma wayoyin da suka haɗa ta su zama gajeru, kada jimillarsu ta wuce rabin mita. Tana tsufa da kowane bugu, shi ya sa masu kyau ke da 'yar fitila ko alama da ke nuna ta mutu. Soket na jan waya mai makunni da jar fitila kawai, irin wanda ya cika kasuwa, ba ya tare komai.

Matsalar tsinkewar nutural kuwa maganinta na'urar gadin wuta ce, irin wadda ake sa wa firiji da talabijin, ko babbar da ake kira AVS. Tana yanke wuta idan ta haura ko ta faɗi, ta jira 'yan mintuna bayan ta daidaita kafin ta mayar. Wannan jinkiri yana da amfani ga firiji da firiza, waɗanda injinsu ba ya son a tayar da shi nan take bayan ya tsaya.

Ƙarfen tsawa da ake kafawa a saman gini, wanda ya samo asali daga gwaje-gwajen Benjamin Franklin a Amurka a wajen 1752, gini yake karewa daga tsagewa da gobara. Ba ya kare kayan ciki. Wanda aka kafa ba tare da kakkaurar waya zuwa ƙasa ba, ko aka sace tagullarsa, ya fi rashinsa haɗari.

Dish, eriya da sola

Talabijin da dikoda suna da ƙofa biyu: wayar wuta da wayar dish ko eriya. Wanda ya zare fulogi ya bar wayar dish ya rufe ƙofa ɗaya ne. Eriyar da aka ɗaga a kan dogon bututu ko gora ta zarce rufin gida ita ce mafi haɗari, kuma gidajen kallon ƙwallo, da ke da dish da talabijin da yawa a haɗe, suna iya rasa su duka a bugu ɗaya. Ana kwance wayar ne daga bayan dikoda, a cikin ɗaki, tun hadari yana nesa.

Farantan sola a kan rufi ba sa janyo aradu, amma dogayen wayoyinsu suna kwasar tunkuɗa su kai wa inbata da na'urar cajin batir. Masu haɗawa da suka san aiki suna ɗaure wayoyin biyu tare kada su bar fili a tsakaninsu, su haɗa ƙarafan farantan da wayar ƙasa ɗaya da ta gida, su sa na'urar tare wuta da aka yi musamman don ɓangaren sola. Inbatar da ke caji daga layin KEDCO ita ma ƙofa biyu gare ta.

Wayar hannu ba ta kiran tsawa, duk da yaɗuwar wannan magana. Haɗarinta yana tasowa ne idan tana jone da caja, domin a lokacin ta zama ƙarshen wayar da ta fito daga falwaya. Masu sana'ar cajin waya, da ke jona wayoyin mutane da yawa a allo ɗaya, su ne suka fi kowa asara idan abin ya faru.

Lokacin cirewa da lokacin mayarwa

Haske yana isowa nan take, sauti kuwa yana cin kimanin kilomita ɗaya a daƙiƙa 3. Idan tsakanin walƙiya da ƙararta daƙiƙa 30 ne, aradun tana da nisan kusan kilomita 10, kuma tana iya faɗowa da irin wannan tazara daga inda ake ruwa. Lokacin cire kaya shi ne sa'ad da gabas ta yi baƙi ko aka ji rugugin farko. Idan hadari ya riga ya rufe gari, walƙiya da ƙara suna zuwa kusan tare, an makara: a bar fulogi da wayar dish yadda suke, a nisanci keke, famfo da duk abin da ke jone. Ana jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe kafin a mayar.

Idan an dawo da wuta bayan iska, ana fara gwadawa da kwan fitila. Hasken da ya wuce kima, ko ɗaki ɗaya yana ƙyalli wani yana dishi-dishi, ko fanka tana gudu fiye da saba, alamun matsalar nutural ne. A kashe daga babban makunni a sanar da ofishin wuta. Na'urar da ruwa ya shiga ba a kunna ta sai ta bushe sarai, wanda kan ɗauki kwanaki. Wayar da ta faɗo ƙasa ana ɗaukarta mai wuta ce ko da unguwa tana cikin duhu.

Aradu da mutum

Aradu tana da tsohon matsayi a al'adar Hausawa. Ana rantsuwa da ita, ana kiran wasu duwatsu masu siffar gatari da manoma ke tonowa gatarin aradu, ko da yake masana kayan tarihi sun nuna gatura ne da mutanen da suka sassaƙa. Akwai kuma maganar cewa ba a taɓa wanda tsawa ta faɗa wa sai an zuba masa nono. Jikin wanda aradu ta buga ba ya riƙe wuta, ana iya taɓa shi nan take. Abin da ke kashewa shi ne tsayawar zuciya da numfashi, kuma danna ƙirji da hura numfashi a mintunan farko, tare da gaggauta kai shi asibiti, suna ceton rai.

Telan da ke aiki a baranda, ko rumfar kwano marar bango, ko gindin bishiya a ranar kasuwa, yana cikin haɗari ko da kekensa na ƙafa ne. Ba ƙarfen keken ne ke jawo aradu ba. Tsawo da kaɗaici a fili su ne ke jawo ta, kuma wutar da ta sauka kan bishiya tana tsallakawa ga wanda ke kusa ko ta bazu ta ƙasa. Mafaka ita ce gini mai bango da rufi, ko mota mai rufin ƙarfe da gilasai a rufe. Ranar 28 ga Yuni ta zama ranar wayar da kai kan haɗarin aradu a duniya, don tunawa da ɗalibai 18 da ta kashe a makarantar firamare ta Runyanya a ƙasar Yuganda a 2011.